Sauri Kan Haifi Nawa: Ganuwar Kwamfuta da Rubutun da Ba Ya Karantuwa

A shekarar 2001 ne gwamnatin Alhaji Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, wadda jama'a suka fi sani da Informatics, a lokacin da mafi yawan ofisoshin gwamnati a Arewa ke dogaro da keken rubutu. A garin kuma akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙara da Jami'ar Fasaha a Babura. Ke nan yaron da ya tashi a Gwiwa ko Roni ko 'Yankwashi, in Allah ya hore masa hali, ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya sami inda zai koyi wannan sana'a. Abin alfahari ne. Amma tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa kanmu ita ce, wane irin ma'aikaci muke so waɗannan makarantu su yaye mana? Zan ɗauki fanni guda ƙarami domin amsa wannan tambaya, wato ganuwar kwamfuta, abin da masu sana'ar ke kira fayawol.

Mai karatu ya tuna da yadda biranenmu suke a da. Akwai ganuwa, akwai ƙofofi, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa wanda ya san wa zai shiga, wa za a mayar, da lokacin da ake rufewa. To, duk saƙon da ke yawo a intanet ana yanyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito, da inda za shi, da lambar ƙofar da yake nema. Ganuwar kwamfuta ita ce ke tsayar da kowane ƙunshi ta duba shi bisa jerin dokokin da aka rubuta mata, sannan ta bar shi ya wuce ko ta yar da shi. Tana zaune ne a can cikin zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows da Linux da OpenBSD. Kuskure a wannan wuri ba kamar kuskure a sauran wurare ba ne, domin wanda ya ci Sarkin Ƙofa da yaƙi ya ci gari.

A nan ne masu rubuta irin wannan manhaja suka daɗe suna ja-in-ja. Wasu na cewa gudu shi ne gaba da komai. Hujjarsu ba ta raini ba ce. Layin da ke ɗaukar gigabit 10 a sakan ɗaya na iya kawo ƙananan ƙunshi har miliyan 14.88 a cikin wannan sakan, wato ganuwa na da abin da bai wuce kashi 67 cikin biliyan ɗaya na sakan ba ta yanke hukunci a kan kowane ƙunshi. Saboda haka suke ganin halal ne a yi kowace irin dabara, a taƙaita, a dunƙule, a yi rubutun da na'ura za ta zuba da gudu ko da ɗan Adam zai sha wuyar gane shi. Wasu kuma na cewa rubutun da mutum ba zai iya karantawa ba, ba zai iya tabbatar da ingancinsa ba, kuma ganuwar da ba a tabbatar da ingancinta ba ado ce kawai. Ra'ayina ya fi karkata ga na biyun, musamman a irin wurarenmu, kuma zan kawo dalilaina.

Wani zai ce me ya haɗa malamin kimiyyar harshe da wannan magana? Ai rigimar tamu ce tun kafin a ƙera kwamfuta. A shekarar 1949 wani masanin harshe ɗan Amurka, George Zipf, ya bayyana cewa kowane harshe yana tsakanin ja biyu ne: mai magana yana son ya rage wa kansa wahala ta hanyar taƙaitawa, mai sauraro kuma yana son a fayyace masa domin kada ya wahala wajen ganewa. Mu Hausawa mun san wannan a aikace. Malamin da ya rubuta wasiƙa da ajami bai sa wasali ba ya gama da wuri, amma ya bar wa mai karatu aikin canki-canki. Rubutun boko ma haka yake, tunda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali. Idan ka ga an rubuta gari, sai ka duba abin da ke kewaye kafin ka san na zama ne ko na tuwo. Haka kuka, ko na hawaye ko ta miya. Mu mutane muna da mahallin zance da ke fitar da mu. Rubutun manhaja kuwa masu karatu biyu gare shi. Na farko na'ura ce, wadda ba ta gajiya kuma ba ta ruɗewa, duk yadda aka murɗa mata za ta bi. Na biyu shi ne mutumin da zai gaji aikin bayan shekara uku ko biyar, wanda ba ya nan lokacin da aka rubuta, ba shi da wanda zai tambaya. Duk sakan ɗin da marubuci ya tsimi ta hanyar dunƙulewa, wannan magajin ne zai biya shi da kwanaki.

Bari mu duba abin da ya faru a zahiri. A watan Mayun 2001, masu kula da babbar manhajar OpenBSD, ƙarƙashin jagorancin Theo de Raadt, suka cire ganuwar da suke amfani da ita mai suna IPFilter saboda saɓani a kan sharuɗɗan lasisinta. Wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Suwizalan, Daniel Hartmeier, ya soma rubuta sabuwa, aka raɗa mata PF, ta fito tare da OpenBSD 3.0 a watan Disambar wannan shekara. Abin da ya sa PF ta yi farin jini shi ne dokokinta na karantuwa kamar jimla. Aikatau ne ke zuwa a gaba, bari ko hana, sai a faɗi shiga ne ko fita, sai ta wace kafa, daga ina, zuwa ina, a wace ƙofa. Har ma littafin jagorarta yana ƙarewa da cikakken nahawun wannan ɗan ƙaramin harshe, a rubuce cikin tsarin da John Backus da Peter Naur suka yi amfani da shi wajen bayyana harshen ALGOL a wajen 1960, tsarin da ya yi daidai da ɗaya daga cikin rukunonin nahawu da Noam Chomsky ya bayyana a 1956. Ɗalibin nazarin ginin jimla ba zai ji shi baƙo ba a wannan shafi.

To ta ina PF ta samo gudunta, alhali ba ta sayar da sauƙin karantuwa ba? Ta hanyoyi uku ne waɗanda ya kamata kowane ɗalibi ya haddace. Na ɗaya, ƙunshin farko na kowace hulɗa ne kawai ake bi da shi ta jerin dokoki. Da zarar an yarda da shi sai a rubuta hulɗar a wani kundi, sauran ƙunshin da suka biyo baya a duba kundin kawai su wuce, kamar yadda mai gadi ba ya sake yi wa baƙon da ya riga ya rubuta sunansa tambayoyi. Na biyu, maimakon a rubuta doka dubu domin adireshi dubu, sai a zuba adireshin cikin jadawali guda mai suna, a rubuta doka ɗaya tak da ke nuni gare shi, na'ura kuma ta adana jadawalin cikin tsarin da bincike ke da sauri. Na uku, lokacin da ake loda dokokin, manhajar da kanta ke lissafa waɗanda za a iya tsallakewa, ta kuma share masu maimaita juna. Ma'ana, mutum ya rubuta a fayyace, na'ura ta ɗauki nauyin taƙaitawa. Wannan shi ne rabon aiki na hankali.

Sai dai labarin bai ƙare nan ba. Wata babbar manhajar, FreeBSD, ta ɗauki PF a shekarar 2004. Da kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa da yawa suka yawaita, sai aka ga PF tana aiki ne kamar ƙofa ɗaya mai makulli ɗaya, kowa sai ya jira. Gleb Smirnoff ya sake fasalin cikinta ta yadda ƙwaƙwalen za su yi aiki a lokaci guda, aikin ya fito a FreeBSD 10 a 2014, kuma gudun ya ƙaru ƙwarai. Amma an biya farashi. Rubutun ɓangarorin biyu ya yi nisa da juna, har ya zama gyaran da aka yi a OpenBSD ba ya ɗaukuwa kai tsaye zuwa FreeBSD sai an sake masa aiki da hannu. OpenBSD ta sauya nahawun wasu dokokinta a 2010, FreeBSD ta shafe shekaru masu yawa a kan tsohon, wani ɓangare saboda wannan rata, wani ɓangare kuma don kada a ɓata wa masu amfani dokokin da suka riga suka rubuta. Harshe ɗaya ya rabu kare-kare. Ban ce FreeBSD ta yi kuskure ba, domin tana da masu hulɗa da ke bukatar wannan gudu. Abin lura shi ne sun auna, sun san abin da suka saya da abin da suka bayar.

A ɓangaren Linux ma darasin iri ɗaya ne. Ganuwar iptables, wadda Rusty Russell ya assasa aikinta kuma ta fito da Linux 2.4 a 2001, tana bin dokoki ne ɗaya bayan ɗaya, saboda haka in sun kai dubbai sai tafiya ta yi nauyi. Ga shi kuma an yi mata 'yan'uwa har uku masu aiki kusan iri guda, ɗaya domin sabon tsarin adireshi, biyu domin wasu matakan hanyar sadarwa, kowacce da nata rubutun da aka kwafa aka ɗan sauya. Wannan maimaici na cikin dalilan da suka sa aka kawo nftables a watan Janairun 2014, domin a haɗe su a ƙarƙashin harshe ɗaya.

Ga abin da ya fi tayar da hankali. A 2021 wani mai binciken tsaro na kamfanin Google, Andy Nguyen, ya gano wata ɓaraka a cikin rubutun ganuwar Linux wadda ke ba ɗan kutse damar mallake na'ura gaba ɗaya. Ɓarakar ta kwanta a wurin tun 2006, shekara goma sha biyar, a rubutun da kowa a duniya ke da izinin karantawa. A 2024 aka sake gano wata a cikin nftables wadda ta shiga tun 2014, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta sa ta cikin jerin waɗanda aka tabbatar ana cutar da mutane da su. Ba son gudu kaɗai ke haifar da irin wannan ba, amma suna nuna cewa izinin karantawa daban, iya karantawa daban. Rubutun da ya yi sarƙaƙiya yana ɓoye aibinsa ko da a tsakiyar kasuwa aka shanya shi.

Misalin da ya fi fitowa fili ya zo ne daga maƙwabciyar ganuwa, wato manhajar OpenSSL da ke kulle saƙonni tsakanin mutum da bankinsa ko akwatin wasiƙarsa. A watan Afrilun 2014 aka bayyana ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed, wadda ta shafe shekara biyu tana ba duk wanda ya san ta damar zaro sirrin mutane daga ma'ajiyar na'ura. Da mutanen OpenBSD suka bincika sai suka tarar cewa masu OpenSSL, domin gudun jinkiri a wasu na'urori, sun ƙirƙiro tasu hanyar sarrafa ma'ajiya, wadda ta kewaye matakan kariyar da babbar manhaja ta tanada domin kama irin wannan kuskure. Sai suka ɗauki rubutun suka soma shara, suka fitar da nasu mai suna LibreSSL, a makon farko kaɗai suka zubar da layi kusan 90,000. Sauri ya haifi nawa.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Ganuwa mai nauyi ita ma haɗari ce. Idan ma'aikata suka ga tana jinkirta musu aiki, za su matsa wa mai kula da ita har ya kashe ta, ka ga an koma gidan jiya. Haka kuma akwai harin da ake yi ta hanyar tura ambaliyar ƙunshi domin a toshe ƙofa, wanda ganuwa mai sanyin jiki ba za ta iya tsaya masa ba. Ministan Sadarwa na wancan lokaci, Farfesa Isa Ali Pantami, ya bayyana cewa an sami yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a kan kafofin intanet na ƙasar nan a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Wanda ke tsaron irin waɗannan manyan rumbuna dole ya damu da kowane ɗan ƙyaftawar ido. Domin irinsu ne aka shigar da wata fasaha mai suna XDP cikin Linux a 2016, wadda ke iya yar da ƙunshi tun daga bakin kafa kafin ya shiga ciki. Donald Knuth, wanda ake ɗauka uba ne a wannan ilimi, ya yi bayani a 1974 cewa a mafi yawan rubutun manhaja neman ƙarin gudu ɓata lokaci ne kuma tushen ɓarna ne, amma akwai ɗan ƙaramin kaso da ya cancanci a tsaya masa, kuma awo ne ke nuna shi. Ga kuma WireGuard, manhajar ɓoye hanya da Jason Donenfeld ya rubuta cikin layi kusan 4,000 kacal, aka shigar da ita Linux a 2020. Ta yi suna wajen gudu, ta kuma yi suna wajen cewa mutum ɗaya zai iya zama ya karance ta. Ashe sau da yawa ƙanƙanta da tsabta su ne ke kawo gudun.

Yanzu mu dawo gida. A ƙaddara sakatariyar ƙaramar hukuma kamar ta Gwiwa, ko asibitin karkara, ko cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta, tana da layin megabit 20. In ƙunshin manya ne, ba su wuce 1,700 a sakan ba. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a sito, in aka sa mata pfSense ko OPNsense, waɗanda dukkansu a kan PF aka gina su kuma kyauta ne, za ta ɗauki wannan tana hamma. Ƙarancinmu ba na gudu ba ne. Ƙarancinmu na mutanen da za su iya karanta abin da aka bari ne. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ko makaranta ya san yadda abin ke tafiya. Ɗan kwangila ya zo daga birni, ya haɗa na'urori, ya zuba dokoki ɗari biyu ko uku babu suna babu bayani, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da makullin a kansa. Ɗan hidimar ƙasa da ya ɗan gane kan abin ya gama shekararsa. Ma'aikacin da aka koya wa an yi masa canjin wurin aiki. Ranar da wani abu ya toshe, wanda ya rage ba shi da ƙarfin halin taɓa dokar da bai gane ba, sai ya rubuta sabuwa mai cewa a bar komai ya wuce. Ganuwa tana nan, fitilunta na ƙyalli, amma ƙofa a wangale take. A bayanta kuwa akwai albashin ma'aikata, da bayanan marasa lafiya, da sakamakon ɗalibai, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan duk hukumar da ta tara su.

Akwai wani tarko da ya shafi nahawu kai tsaye. A iptables, da kuma na'urorin MikroTik da suka cika ofisoshinmu, dokar farko da ta dace da ƙunshi ita ke yanke hukunci. A PF kuwa ta ƙarshe ce ke yankewa, sai fa in an sa wata kalma ta musamman mai cewa a tsaya nan. Jerin jimloli iri ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. Wanda aka koya wa danna maɓalli kawai ba tare da an koya masa karatu ba zai kwafo dokoki daga wannan ya zuba a wancan, ya buɗe abin da yake zaton ya rufe.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu. Ta farko ga makarantunmu na Kazaure da Babura: a koyar da karatun manhaja kamar yadda ake koyar da rubuta ta. Ba ma ba ɗalibin adabi alƙalami ya yi ƙirƙira sai ya karanta magabata. Rubutun PF da na WireGuard a buɗe suke, ba a biyan ko kwabo. A ba ɗalibi shafi goma ya yi sharhinsu, a kuma riƙa musanya aikin ɗalibai, a ba kowa maki gwargwadon yadda abokinsa ya iya gane aikinsa ya gyara ba tare da ya tambaye shi ba.

Ta biyu ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 27: kada a biya kuɗin ƙarshe na kwangilar haɗa kwamfutoci sai ɗan kwangila ya miƙa dokokin ganuwa a rubuce, kowace doka da dalilinta da ranar da aka sa ta, kuma ma'aikacin wurin ya karanta su a gaban shaidu ya bayyana abin da kowacce ke yi. Wanda ya gina maka ɗaki ai yakan ba ka makulli.

Ta uku ga matasanmu masu rubuta manhaja: kada ka murɗe rubutu domin gudu sai ka auna ka ga inda jinkirin yake. In ka gano shi, ka killace dabarar a wuri ɗaya ƙarami, ka rubuta a samanta abin da ka auna da dalilin da ya sa ka yi haka, ka bar sauran a miƙe. Gwaninta ba ita ce rubuta abin da kai kaɗai ka gane ba.

Ta huɗu ta shafe mu malaman harshe. Na'ura ba ta karanta bayanin da ake sawa a gefen doka, domin mutum aka yi shi. Babu abin da ya hana a rubuta shi da Hausa in Hausa ce magajin zai fi ganewa. Amma hakan na bukatar mu zauna da malaman kwamfuta mu daidaita kalmomi, kamar yadda Hukumar Harshen Hausa ta soma a 1955 da taron Bamako na 1966 suka yi wa ƙa'idojin rubutu, don kada kowa ya riƙa kiran abu ɗaya da sunan da ya ga dama.

Magabatanmu da suka gina ganuwa sun san aikin ba ya ƙarewa ranar da aka ɗora tubalin ƙarshe. Duk bayan damina sai an fito aikin gayya an yi yaɓe, kuma kowace unguwa ta san ɓangarenta. Ganuwar da ba a san yadda za a gyara ta ba, damina kaɗan ke mayar da ita tudu. Jihar da ta riga takwarorinta zuba jari a wannan ilimi ita ta fi cancanta ta riga su gane cewa tsaro yana hannun mai iya karantawa. Allah ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon gyarawa, amin.